Babi na Shida: Yaushe Zan Buɗe Shafin Intanet?

"Na fara sana'a, kaya suna ɗan fita, an ce mini in buɗe shafin intanet. In buɗe yanzu ko in jira?" Duk wadda take sayar da kaya kai tsaye ga masu saye, ba tare da shago a kasuwa ba, sai wannan tambayar ta iso gare ta. Wani lokaci ƙaninta da ya karanci kwamfuta ne zai kawo maganar. Wani lokaci wani ne zai faɗo mata a WhatsApp, ya ce yana haɗa shafuka, kuma wannan satin akwai rangwame. Wani lokacin kuma ita ce za ta ga wata abokiyar sana'a ta buga adireshi mai ƙarewa da .com a jikin kwalbar humra, sai ta ji kamar jirgi ya tashi ya bar ta.

Ga yawancin masu farawa, amsata ita ce a jira. Sai dai jiran yana da iyaka, kuma akwai abu guda da ya kamata a saya tun yau ko da ba a shirya buɗe komai ba. Bari mu bi maganar daki-daki.

Daga ina masu sayenki suke zuwa?

Sayar da kaya hannu da hannu ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Iyayenmu sun san dillaliya mai shiga gida-gida da ƙullin zannuwa da kwanuka a ka. A Amurka ma haka abin ya faro. A 1886 wani mai tallan littattafai ƙofa-ƙofa, David McConnell, ya lura matan gida sun fi son ɗan turaren da yake ba su kyauta a kan littattafan, sai ya koma sayar da turare, ya ɗauki mata su riƙa kai wa 'yan'uwansu mata. Kamfanin ne daga baya ya zama Avon. Abin da ya haɗa dillaliyar Kano da wakiliyar Avon shi ne mai saye ta san fuskar mai sayarwa, ta san gidansu, ta san inda za ta kai ƙorafi in kaya bai yi ba.

Ɗauko littafin cinikinki, ki duba mutum talatin na ƙarshe da suka sayi kaya a wurinki. A gaban kowane suna ki rubuta yadda aka yi ta san ki. Idan sabuwar sana'a ce, abin da za ki gani ba zai wuce haka ba: 'yar'uwa, ƙawar makaranta, maƙwabciya, wadda kuke Islamiyya tare, abokiyar aikin yayarki, da wadda ta ji ƙamshin turaren a gidan biki ta tambaya aka ba ta lambarki. Yanzu ki tambayi kanki, cikin talatin ɗin nan wa ce ce ta fasa saye don ba ki da shafin intanet? Wa ce ce za ta ƙara saye da kina da shi? Idan amsar babu ce, to kuɗin shafin suna da wurin da suka fi amfani, wato ƙaro kaya.

Shafi ba ya kiran mutane

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar cewa da zarar an buɗe shafi duniya za ta gani. Sabon shafi kamar shago ne da aka gina a sabuwar unguwa da ba a gama tarewa ba. An yi fenti, an jera kaya, an kunna fitila, amma ba mai wucewa ta ƙofar. Abin da ya sa hayar shago a Kantin Kwari take tsada ba kyan gini ba ne, ƙafafun da ke bi ta wurin ne daga safe zuwa yamma. A intanet kuwa ƙafafun suna WhatsApp da Facebook da Instagram da TikTok, can mutane suke wuni.

Za a ce miki ai Google zai kawo mutane. Gwada da kanki. Rubuta sunan kayanki a Google, ki ga su wa ke fitowa a sama: manyan kasuwannin intanet irin su Jumia da Jiji, da shafukan da suka yi shekaru suna nan. Sabon shafi yakan ɗauki watanni kafin ya fara leƙowa, shi ma sai ana ta yi masa hidima. Hanyar da ta rage ita ce ki biya kuɗin talla a tura mutane wurin, kuma wannan kuɗi daban ne, ba ya cikin abin da mai haɗa shafi ya caje ki.

Akwai kuma halin mai sayen namu. Ba ta son cinikin biri a sama. Tana so ta ce, "Hajiya, a ɗauko mini bidiyonsa a rana in ga asalin kalar." Tana so ta tambaya ko leshin yana zuba, ko turaren yana kama jiki, ko za a rage mata ɗari biyar tunda ta saba saye. Shafin da zai ce mata ta danna nan ta biya, ba gaisuwa ba tayi, bai san da wa yake magana ba.

Kuɗin da ba a lissafa miki ba

Idan mai haɗa shafi ya faɗi farashi, yawanci kuɗin aikin hannunsa yake nufi. Shafi kuwa yana da baki, kullum sai ya ci. Akwai kuɗin suna, wato adireshin da ake rubutawa a same ki, wanda haya ce ta shekara-shekara. Akwai kuɗin masauki, wato kwamfutar da ke riƙe da hotunanki da bayananki dare da rana, shi ma wata-wata ko shekara-shekara ake biya. Idan ana biyan kuɗin kaya ta shafin, kamfanonin da ke karɓar kuɗin irin su Paystack da Flutterwave suna cire ɗan kasonsu a kowane ciniki. Sannan wasu daga cikin waɗannan hidimomi da dala ake lissafa su. Wadda ta ƙulla biyan dala a farkon 2023, lokacin da farashin gwamnati yake wajen naira 460, ta wayi gari a farkon 2024 dalar ta haura naira 1,500. Shafin bai ƙara komai ba, kuɗin riƙe shi ya ninka sau uku.

Amma abin da ya fi cin mai sana'a shi ne lokaci. Duk kayan da ya shigo sai an ɗauki hotonsa an ɗora, an rubuta farashi. Duk wanda ya ƙare sai an sauke. A ƙasar da farashin sari yake iya canjawa tsakanin zuwanki kasuwa na wannan satin da na sati mai zuwa, shafin da aka bari wata uku ba a taɓa ba ya zama abin jawo rigima. Mai saye za ta ga atamfa a tsohon farashi, ta tura kuɗi, ta turo hoton alat, sannan ki fara ba ta haƙuri kina cewa ai kaya ya tashi, ko wannan zanen ma ya ƙare tun kafin azumi. A idonta ke ce kika yi ƙarya. Gara a ce ba ki da shafi da a ce kina da wanda ya mutu a tsaye.

Ga lissafi mai sauƙi. A ce, a misali, duk abin da shafi zai ci a shekarar farko, da haɗawa da haya da gyare-gyare, naira 240,000 ne. A ce ribarki a kowace kwalbar turare naira 1,500 ce. Ke nan sai shafin ya sayar da kwalba 160 kafin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kuma kwalaben nan dole su zama sababbin ciniki, waɗanda ba don shafin ba da ba za a yi su ba. Idan ƙawarki da ta saba saye ta WhatsApp ta koma saye ta shafi, ba ki ƙaru da komai ba, sai ma kason da aka cire miki. Sa naki alƙaluman a wannan lissafi. Idan adadin da ya fito ya ba ki dariya, lokaci bai yi ba.

Abin da ke hannunki kyauta

Kafin a kai ga shafi akwai matakai da yawancin masu sana'a ba su gama cin moriyarsu ba. WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018, yana da kundin kaya da ke ɗaukar har kaya 500, kowanne da hotonsa da farashinsa da bayaninsa. Yana da saƙon maraba da ke amsawa da kansa, da alamomin da za ki liƙa wa kowace hira ki san wa ta biya, wa ke jiran kaya, wa ake bi bashi. Abin mamaki, za ki ga mace tana neman kuɗin buɗe shafi alhali kundin nan nata fayau yake, kullum sai ta shiga ma'ajiyar hotuna tana laluben hoton da ta tura wa wata jiya. Wadda ta kasa kula da kundin da ke cikin wayarta, shafi ba zai canja mata hali ba.

Google yana ba masu sana'a damar sa sunansu da lambarsu da wurinsu a taswira ba tare da biyan ko sisi ba. Paystack da Flutterwave suna ba da ɗan shagon intanet da za ki jera kaya ki tura wa mutane adireshinsa, sai an yi ciniki suke cire nasu. Wannan hanya ce mai kyau ta gwaji: idan kin tura wa masu sayenki irin wannan adireshi wata biyu, kowa ya ƙi dannawa ya dawo yana tambayarki "nawa ne?", kin sami amsa ba tare da kin yi asara ba.

Idan kuma abin da kike nema shi ne a ɗauke ki da muhimmanci, akwai abubuwan da suka riga shafi a layi. Rajistar sunan sana'a a hukumar CAC, wadda za ta ba ki damar buɗe asusun banki da sunan sana'ar, ta fi shafi kwantar da hankalin baƙo. Mutum yakan yi turus idan zai tura kuɗi ya ga sunan da ya fito daban da wanda ke jikin kaya, musamman in aka ce masa asusun ƙanin miji ne. Idan kuwa kayan ci ne, ko na shafawa, ko maganin gargajiya da ake ƙullawa a sayar, maganar lambar NAFDAC ita ce gaba. Ɗora irin waɗannan kaya a shafi ba tare da rajista ba, tallata kai ne ga hukuma.

Idan kayan na kamfani ne

Wasu ba nasu kayan suke sayarwa ba. Wakilai ne na kamfanonin da ke raba kayan kwalliya ko na ƙarin lafiya ta hannun mutane. Idan kina cikinsu, kada ki biya kowa kuɗin shafi sai kin karanta yarjejeniyar da kika sa wa hannu. Da yawa daga irin waɗannan kamfanoni suna ba wakili nasa adireshin a cikin shafin kamfanin, kuma suna da dokoki a kan amfani da sunansu da tambarinsu, da farashin da za a rubuta a fili, da abin da aka yarda a ce kayan yana yi wa jiki. Kina iya kashe kuɗi ki gina shafi, a aiko miki da takarda a ce ki sauke. Sannan wanda ya nemi sunan kayan a intanet, shafin kamfanin zai fara gani, ba naki ba. Kada kuma ki tambayi wadda ta shigar da ke kaɗai, domin ita ribarta tana cikin ki ƙara zurfi. Ki nemi rubutacciyar doka.

Alamomin lokaci ya yi

Alama ta farko a jikinki za ki ji ta. Waya ba ta hutawa, kuma tambayoyin iri ɗaya ne: nawa, akwai sauran wannan, kuna kaiwa Abuja, turo lambar asusu. Kin amsa wa mutum arba'in, kin manta da uku, ɗaya ta yi fushi ta saya a wani wuri. Kin tura wa ta Gombe kayan ta Gusau. Ƙarfe ɗayan dare kina daidaita alat da oda, maigida ya fara magana. A nan shafi yana da aikin yi, domin zai ɗauke miki amsa tambayar da kika amsa sau dubu, ya karɓi oda kina barci, ya ajiye lissafi. Mutanen suna nan, hannu ne ya yi kaɗan. Ki lura kuma da iyakar WhatsApp: saƙon bai-ɗaya mutum 256 yake ɗauka a jeri guda, kuma sai wanda ya ajiye lambarki yake samunsa, abin da kika ɗora a sitatus kuwa awa 24 ne ya ɓace.

Alama ta biyu tana cikin littafin nan na mutum talatin. Ranar da kika sake dubawa kika ga fiye da rabi ba ki san su ba, ba su kuma san wanda ya san ki ba, sana'ar ta fita daga da'irar sanayya. Baƙo ba shi da wanda zai tambaya ko ke mai amana ce, kuma ya sha jin labarin waɗanda suka tura kuɗi aka toshe su. Zai rubuta sunan sana'arki a Google ya ga me zai fito. Haka in kin fara samun masu sari daga wasu garuruwa, ko ofis da ke son kayan rabo na taro, ko 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya da Ingila da ke son a kai wa iyayensu kayan sallah a gida su biya da kati daga can. Waɗannan su ne mutanen da shafi yake yi wa magana.

Ta uku ita ce tsoro, kuma tsoro ne mai dalili. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. A wannan shekarar gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022, masu talla a can suka rasa inda za su sa kansu. Waɗannan ma na kowa da kowa ne. Wanda ya fi ciwo shi ne naki ke kaɗai: a wayi gari an rufe miki asusun Instagram mai mabiya dubu ashirin saboda wani ya kai ƙara, ko ɗan damfara ya yaudare ki kin ba shi lambobin sirri ya ƙwace WhatsApp ɗinki yana karɓar kuɗi da sunanki. Ba ofishin da za ki je ki yi kuka. Idan sana'ar ta kai matsayin da ita ke biyan kuɗin makarantar yara, bai kamata duk ta rataya a kan asusun da wani zai iya rufewa ba tare da ya yi miki sallama ba. Amma a nan ma, matakin farko kyauta ne: ki kwafe sunaye da lambobin masu sayenki a littafi ko a wani wuri da ba cikin wayar ba, yau ɗin nan.

Sharaɗin da ke kan duk waɗannan shi ne kuɗin shafi su fito daga riba. Ba daga uwar kuɗi ba, ba daga kwasar adashin da aka yi niyyar sari da ita ba, balle bashi.

Abin da za ki saya tun yau

Suna. Idan kin tsayar da sunan sana'arki kuma kina da niyyar daɗewa da shi, ki yi rajistar adireshinsa yanzu, ko da shafin sai nan da shekara biyu. Adireshi mai ƙarewa da .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi a Nijeriya, da naira ake biya kuma ba shi da tsada idan aka kwatanta da sauran kuɗaɗen shafi. Wanda ya riga shi ke da shi. Ba daɗi ki gama buga suna a kwali da leda da kwalba, mutane su san shi, sannan ki tarar wani ya kama adireshin.

A nan ne ake cutar mutane da yawa, don haka ki buɗe ido. Rajistar ta zama da sunanki, da imel ɗinki, da lambar wayarki, kuma kalmar sirri tana hannunki. Abin da yakan faru shi ne yaron da ya haɗa shafi ya yi rajistar komai da nasa imel, don ya fi masa sauƙi. Bayan shekara ya tafi bautar ƙasa, ko ya canja layi, ko kun saɓa a kan kuɗi. Ranar sabunta haya ta zo, saƙon tunatarwa ya tafi wurinsa, ke ba ki sani ba. Sai wata mai saye ta kira ta ce, "Anti, shafinku ba ya buɗewa." Wani ma ba mugunta ce ta sa shi ba, sakaci ne kawai, amma sakamakon ɗaya ne. Ki rubuta ranar sabuntawa a bangon littafin ciniki.

In za a gina, a fara da kaɗan

Shafin farko ba ya bukatar ya yi kama da Jumia. Fuska ɗaya ta isa: sunan sana'a da lambar rajista, kaya goma ko sha biyar da suka fi fita, farashi, garuruwan da kike kaiwa da kwanakin da kaya ke yi a hanya, abin da za a yi in kaya ya zo da matsala, da maɓalli babba da zai kai mutum WhatsApp ɗinki ya ƙarasa ciniki da baki kamar yadda ya saba. Ki gwada buɗe shi a ƙaramar waya, da data ba da wayifai ba, a inda sabis ke rawa. Idan hotuna suka tsaya suna juyawa, mai saye ta riga ta fita. Kuma kafin ki biya cikon kuɗin aiki, mai haɗawa ya zaunar da ke ki canja farashin kaya ɗaya da hannunki, ki sauke wani, ki ɗora wani, yana kallo. Idan sai an kira shi duk lokacin da sabulu ya tashi, aikin bai ƙare ba.

Da shafi ko babu shafi, da zarar oda ta fara zuwa daga garin da ba naki ba, wata matsalar ce ke jiranki: yadda kwalbar humra za ta bar Maiduguri ta isa Sakkwato ba ta fashe ba, wa zai biya direban tasha, da wanda asara za ta hau in kaya ya ɓace a hanya. Babi na gaba a kan isar da kaya yake.